Allura da Hula: Horon Ɗan Shaho Daga Larabawa Zuwa Sarki Firedarik na Biyu

Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a gaban malami ya san wurin nan, cikin babin layya da yanka da farauta, inda aka halatta cin abin da horarren kare ya kashe, ko horarren bazi, muddin mai shi ne ya sake shi. Malam ya kan fassara bazi da shaho, almajiri ya ce na'am, a wuce gaba. Karen farauta dai kowa ya san shi. Amma shaho a wurinmu ɓarawon 'yan tsaki ne, ba abin da ke tsakaninmu da shi sai jifa da ihu. Farautar da muka gada ta kare ce, da kwari da baka, da tarko, da kan burtu. Sabo da haka kalman nan "horarre" ta kan wuce mu ba mu tsaya mun tambayi yadda a ke yi tsuntsun da ke gudun inuwar mutum ya tashi sama, ya ga daji buɗe gabansa, sa'an nan ya juyo ya sauka a hannun wanda ya kira shi ba.

Mawallafin Risala, wanda ya rasu a Ƙairawan cikin 996, yana magana ne a kan sana'a sananniya a zamaninsa, wadda Larabawa ke kira baizara, tana da gwanayenta da littattafanta. Tun zamanin Halifa Mahadi, wanda ya yi mulki daga 775 zuwa 785, aka tara wani littafi a kanta da sunan Adham ibn Muhriz da Giɗrif ibn Ƙudama, shi Giɗrif kuwa shugaban masu kiwon shaho ne tun a fadar Banu Umayya. Bayansa Kushajim ya yi nasa a ƙarni na 10, wani ma'aikacin Halifa Azizu na Faɗimawan Masar kuma ya rubuta Kitabul Baizara. Yawancin waɗannan littattafai sun fi ba da ƙarfi ga cututtukan tsuntsu da magungunansu, gama horo abu ne da yaro ke ɗauka a hannun maigidansa. Wanda ya zauna ya rubuta horon daki-daki, har ya zama ba a bar kome ba, wani sarkin Turawa ne da ya sha nonon ilmin Larabawa, watau Firedarik na Biyu.

Sai mu fara gyara suna tukuna. Hausa ta haɗa tsuntsaye da yawa ta ce musu shaho, masu wannan sana'a kuwa sun raba su gida biyu, da launin ido. Akwai masu rawayan ido, su ne bazi da ƙanensa bashiƙ: fiffikensu gajere ne, wutsiya doguwa, suna farauta cikin itatuwa, daga hannu su ke zabura su cafke abu a kusa. Akwai kuma masu baƙin ido, su ne saƙar da shahin, masu dogon fiffike mai tsini, 'yan fili, waɗanda ke bin abu da nisa ko su hau sama su faɗo masa. A cikinsu duka mace ta fi namiji girma da wajen kashi ɗaya cikin uku, sabo da haka ita a ke nema, ita ke da tsada. Zan riƙa cewa shaho a kan dukansu, sai inda bambanci ya zama dole.

An haifi Firedarik cikin 1194, ya tashi maraya a birnin Palarmo na tsibirin Sikiliya, inda Musulmi suka yi mulki fiye da shekara 200 kafin kakanninsa na wajen uwa su karɓe. Ya ji Larabci, ya tara malamai Musulmi da Yahudawa da Nasara a fadarsa. Cikin 1220 aka naɗa shi babban sarkin daular Rum ta Yamma, cikin 1229 kuma ya karɓi Baitul Muƙaddas daga Sarkin Masar Alkamil ta hanyar sulhu, ba a zub da jini ba. Littafinsa da Latin ya ke, sunansa De arte venandi cum avibus, watau sana'ar farauta da tsuntsaye. Ya ce ya yi wajen shekara 30 yana juya shi a ransa kafin ya rubuta, bisa roƙon ɗansa Manfared. Halinsa na malanta shi ne gani ya kori ji. Ya saɓa wa Aristo a wurare da yawa, hujjarsa kuwa ita ce Aristo bai yi farauta da tsuntsu ba, shi ko ya yi. Har ya taɓa sa aka rufe idanun ungulaye aka ajiye musu nama, don ya gane ko da hanci su ke samun mushe ko da ido; da suka kasa samu ya yanke cewa da ido ne.

Tambaya ta farko ga mai son horo ita ce, daga ina za a samo tsuntsun? Hanya biyu ce. Ko a ɗauko shi ɗan tsako daga sheƙa, ko a bari ya tashi ya koyi farauta da kansa, a kama shi da tarko cikin shekararsa ta fari sa'ad da ya ke ƙaura.

A nan karin maganarmu ta cewa icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi ba ta ci ba. Firedarik ya hana a yi gaggawar ɗauko ɗan tsako. A bar shi wurin iyayensa iyakar abin da zai yiwu, har gashinsa ya kusa cika, domin ba mai iya ciyad da shi kamarsu. Wanda aka ɗauko da jajayen sawu ya kan tashi da halaye biyu masu ban haushi: kuka ba dare ba rana duk sa'ad da ya ga mutum, da rufe nama da fukafukai yana kai wa mai shi farce. Dalilin wannan sai a ƙarni na 20 masana suka bayyana shi sosai, musamman Konrad Lorenz cikin rubutunsa na 1935: ɗan tsuntsu ya kan ɗauki abin da ya fara gani yana ciyad da shi a matsayin uwa, ya kuma ɗauki kansa irin wannan abu. Shahon da ya zaci shi mutum ne ba ya jin tsoron mutum, ba ya kuma jin nauyinsa. Akwai wata illa kuma. Idan ɗan tsako ya kwana da yunwa sa'ad da gashin fiffikensa ke tsirowa, sai wani siririn layi ya fito a gicciye a jikin gashin, daidai inda ya tsaya a ran nan, nan ne kuma zai karye daga baya. Mai saye gwani ya kan buɗe fiffike ya karanta tarihin sakacin mai kiwo a jiki.

Sabo da haka Firedarik ya tsara yadda za a yi reno. A sa 'yan tsakin a wuri mai tsawo, kan hasumiya ko soro a bayan gari, nesa da hayaniya, a yi musu abin kama da sheƙa inda iska da hantsi za su same su, da inuwar da za su fake. Abincinsu ɗanyen naman tsuntsaye, sabon yanka, a tsattsaga shi ƙanana, safe da maraice. In nama ya yanke, a ba su ƙwai da aka dafa da madara, ko sabon cuku marar gishiri. Mai ba su abinci kada ya tsaya wasa da su. Idan fiffike ya yi ƙwari, ba a ɗaure su. A bar su su tashi su yi yawo, yunwa za ta komo da su wurin da suka saba samun abinci. Cikin waɗannan makonni ne ƙirjinsu ke ƙarfi, su koyi iska. Amma fa mai kiwo ya sa ido, gama ran da ɗayansu ya kashe tsuntsu da kansa ya ci ya ƙoshi, ya gane ba ya bukatar kowa, daga nan sai labari. Kafin wannan rana a ke zuwa da dare da 'yar fitila a kama shi.

Larabawan hamada a da hanya ta biyu suka fi bi, dalili kuwa a fili ya ke. Saƙar da shahin su kan ratso ƙasarsu da kaka, daga arewa, gaba kaɗan da zuwan hubara, wani irin tuje wanda shi ne babban abin farautarsu. Sai a ɗaura wa tantabara 'yar riga mai zarge-zarge a saki, shaho ya kawo sura ƙafarsa ta sarƙe. Wannan tsuntsu ya riga ya iya kisa, abin da ya rage a koya masa yarda da mutum kaɗai. Cikin 'yan makonni a ke gama horonsa, a yi farauta da shi duk lokacin sanyi, in zafi ya gabato a kwance shi a sake shi, domin Balaraben ƙauye ba shi da naman da zai ciyad da shi har wata shekara, tsuntsun kuma ba ya jure zafin hamada.

Ko daga sheƙa ko daga tarko, ran da aka ɗaure shi matsala ɗaya ce. Shaho da ido ya ke rayuwa. Duk abin da ya gani ya tsorata shi ya kan zauna masa a rai, ba kuwa abin da ya fi ƙi kamar fuskar mutum. Firedarik ya nanata wannan ƙwarai. In ya firgita sai ya yi tsalle daga hannu, ya rataye da ƙafa kai ƙasa yana bugun iska, gashi ya karye, numfashi ya ɗauke. Wanda ya yi haka sau da yawa a kwanakin farko da wuya ya gyaru. Ba a dukansa, ba a yi masa tsawa, ba ya kuma neman yabo irin na kare, gama shi ba dabban garke ba ne da zai san shugaba. Dabara ɗaya ta rage, a ɗauke masa gani har ya saba da sauran abubuwa.

Tsohuwar hanyar yin haka ita ce allura. A riƙe tsuntsun a tsumma, a soka zare a gefen fatar idonsa ta ƙasa, a jawo ta sama ta rufe ido, a yi haka a ɗaya idon, a ƙulle bakin zaren biyu a bisa kansa. Sa'an nan a rage kaifin faratansa, a ɗaura masa 'yan tsirkiyoyin fata a ƙafa waɗanda mai shi zai riƙa riƙewa, da 'yar ƙararrawa. Ba na jin akwai mai karanta wannan bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba, ni ma haka. Amma masu yi ba mugunta su ke nufi ba; a ganinsu huda biyu ta fi sauƙi bisa firgitar da za ta lalata tsuntsun har abada.

Abin da ya biyo baya shi ne wurin da littafin ya fi daɗin karatu, malaman tarbiyya kuma za su ga abin lura a ciki. Firedarik ya ce a bi gaɓoɓin ji ɗaya bayan ɗaya, a fara da wanda tsuntsun bai dogara da shi ba, a ƙare da ido. Mai horo ya ɗauke shi a hannu, bisa safar fata, ya shiga ɗaki mai duhu ya yi ta yawo da shi a hankali, yini da kwana, ba a ba shi kome ba. In ya gaji wani ya karɓe shi. Kashegari, da yunwa ta kama shi, a goga masa cinyar kaza a baki ko a ƙafa. In ya sunkuya ya ci a hannun mutum, an ci rabin yaƙi. Duk sa'ad da ya ke ci kuma a riƙa yi masa wata 'yar murya guda, kullum ita ce ba a sakewa, har ya zama da jin ta ya san abinci ya zo. Daga nan a saba masa da taɓawa, da motsin gida, da haushin kare. Akwai wani abu da a ke ba shi ya yi ta ja, fiffike ko ƙafar kaza mai ƙashi da jijiya ba nama sosai, don ya shagala in za a wuce da shi wurin da zai tsorata. In ya ɗauki zafi, mai horo ya kurkure bakinsa sarai, ya guntsi ruwan sanyi ya fesa masa a ƙirji. Bayan kwanaki sai a sassauta zaren, ido ya buɗe rabi, ya ga haske da abin da ke sama amma bai ga fuska sosai ba. Sai ya natsu da wannan kana a zare zaren duka, da dare, a gaban 'yar fitila, mai horo yana kau da fuskarsa. Sa'an nan a fita da shi tsakar gida da asuba, sa'an nan waje, sa'an nan bisa doki.

Shi ya sa ya tsananta wajen zaɓen mai horo. Ya ce a nemi matsakaicin mutum, mai kaifin ido da kunne, mai babbar murya, wanda ya iya iyo don tsuntsu ya kan sauka a ƙetaren kogi. Kada ya zama mashayi, ko mai nauyin barci, ko mai saurin fushi.

Ana nan sai hula ta shigo. Firedarik da kansa ya faɗi inda ya samo ta: a Gabas ya gan ta sa'ad da ya ƙetare teku, watau tafiyarsa ta 1228 zuwa 1229, ya ce Larabawa ne suka riga kowa aiki da ita, sarakunansu kuma suka aiko masa da gwanayenta. 'Yar hula ce ta fata mai laushi, Larabawa na ce mata burƙa, a kan ɗinka ta daidai kan tsuntsun, da ƙofa inda baki zai fito, da kumburi a wajen idanu don kada ta taɓa su. Da an kifa ta sai tsuntsu ya yi tsit kamar dare ya yi. Fifikonta bisa allura shi ne duhun yana hannun mai horo, ya kawo shi sa'ad da ya so, ya ɗauke sa'ad da ya so, har iyakar ran tsuntsun. Sarkin ya yi mata ƙari guda, ya sa aka huda 'yan ƙofofi a samanta don kai ya sha iska. Amma bai yar da allura ba. Shawararsa ita ce a fara saba wa tsuntsu da hula tun idonsa na ɗinke, don kada ya ga hannu na nufo kansa ya ƙi ta har abada. Daga baya ne Turawa suka bar ɗinki suka riƙe hula kaɗai. Ba hula kaɗai ya karɓa ba: cikin 1240 zuwa 1241, yana kewaye da garin Faenza da yaƙi, ya zauna yana gyara fassarar wani littafin baizara na Larabci da malaminsa Tiyodor mutumin Antakiya ya juya zuwa Latin, wanda Turawa suka sani da sunan Moamin.

Sauran aiki kira ne. A ɗaura wa tsuntsun dogon zare marar nauyi, a kai shi fili, a nuna masa wani abu da aka haɗa da fukafukan tsuntsun da a ke so ya kama, da nama ɗaure a jiki. Larabawa na kiran wannan tilwah, su kan yi shi da fukafukan hubara. Firedarik da na gauraka ya ke yi. Yau taku kaɗan, gobe a ƙara, ana juya abin ana kira, in ya zo a bar shi ya ci a kai. Ma'aunin duk wannan yunwa ce. Wanda ya yi ƙiba ba ya waiwayar kira, wanda ya rame ba shi da ƙarfin bin kome, mai horo kuwa da yatsa ya ke shafa ƙashin ƙirji kowace safiya ya san inda a ke. Ran da aka kwance zaren, ba sauran abin da ke riƙe da tsuntsun sai sabo.

Idan mai karatu ya komo ga littattafan fiƙihu da wannan a ransa, zai ga malaman sun san abin da su ke faɗi. Asalin hukuncin aya ta 4 ce ta Suratul Ma'ida. Hanafawa suka ce alamar horon kare ita ce ya bar cin abin da ya kama har sau uku, amma alamar horon bazi ita ce ya komo in an kira shi, ko da ya ci daga abin da ya kama bai haramta ba. Hujjarsu kuwa ta masu sana'a ce: jikin kare na ɗaukar duka har ya bar ci, na tsuntsu ba ya ɗauka, kuma tun da halinsa gudun mutane ne, barin gudun shi ne shaidar ya koyu. Malik bai sa barin ci sharaɗi ba ko ga kare.

Iyakar inda wannan sabo ke kaiwa, Usama ibn Munƙiz ya nuna mana. Basaraken Shaizar ne a ƙasar Sham, ya rayu daga 1095 zuwa 1188, ya shifta Kitabul I'itibar yana da wajen shekara 90, ya rufe shi da labarun farautar mahaifinsa Murshid, mutumin da ya raba kwanakinsa tsakanin rubuta Alƙur'ani, wanda ya kwafe fiye da sau 40, da fita da tsuntsaye. Murshid ya sa mutanen duwatsun kusa da su suna kama masa 'yan shaho masu ƙaura, har Ƙusɗanɗiniya ya kan aika a sayo. Cikin waɗanda aka kawo akwai wani ɗan bazi da mai horonsu Gana'im ya duba ya ce ba kamarsa, sauran ba su gaskata ba. Aka sa masa suna Yahshur. Ya yi fiye da shekara 10 a gidan, yana shan ruwa a ƙoƙo daga hannun Murshid, yana wanka a tasa, yana kwana bisa buzu kusa da gadonsa. Da ya mutu, Sarkin Hama Shihabuddin Mahmud ya sa aka yi masa akwati aka kai shi da taron jama'a, har Usama, wanda ke garin a ran nan, ya zaci 'yar sarki ce ta rasu.

Shi kuwa Firedarik, son tsuntsu ya ja masa hasarar da bai farfaɗo daga gare ta ba. Ran 18 ga Fabrairu 1248, yana kewaye da birnin Parma, ya fita farauta da shahunansa. Mutanen birni suka fito suka ƙone sansaninsa, suka kwashe baitulmali da kambin sarauta, da wani ƙawataccen littafin tsuntsaye nasa. Ya rasu cikin Disamba 1250 bai kai ga rubuta kashin bazi da na cututtuka da ya yi alkawari ba. Kwafin da Manfared ya sa aka yi, mai ɗauke da zanen tsuntsaye ɗaruruwa a gefen shafi, yana ɗakin littattafan fadar Paparoma, an kuma buga fassarar littafin da Ingilishi cikin 1943.

Bindiga ta kashe kasuwar wannan farauta a Turai tun ƙarni na 17, ta koma abin 'yan tsiraru. Amma hasumiyar renon nan ta sake amfani ta inda ba a zata ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu maganin ƙwari mai suna DDT ya shiga jikin shahin ta abincinsa, ɓawon ƙwansa ya yi laushi yana fashewa a ƙarƙashin uwa, har aka nema a gabashin Amurka cikin 1964 ba a sami sheƙa ko guda mai rai ba. Cikin 1970 Tom Cade, malamin jami'ar Cornell kuma mai farauta da shaho, ya kafa asusun ceton tsuntsun, aka shiga ƙyanƙyasarsa a gida. Da aka zo sakin 'yan tsakin, tsohuwar hanyar nan aka bi: akwati a kan dutse ko hasumiya ko dogon bene, abinci ta inda ba za su ga hannun mai bayarwa ba, a buɗe ƙofa su yi ta yawo suna komowa. Bambancin guda ne, wannan karo ba mai zuwa da fitila da dare. A kan ci gaba da ajiye nama har ran da suka daina zuwa. Amurka ta hana DDT cikin 1972, aka saki dubban tsuntsaye ta wannan hanya, cikin 1999 kuma aka cire shahin daga jerin tsuntsayen da a ke tsoron ƙarewarsu a ƙasar.